Yadda za ka bi zuriyar Yarima Jean na Berry ba tare da ka rikice ba

In za ka bi salsalar 'ya'yan sarautar Faransa na da, kada ka riƙe suna, riƙe ƙasa. Gidan nan Jean, Louis, Charles da Philippe kawai suke ta maimaitawa, sai ka ce sunaye sun ƙare a duniya. Ni da Jean na Berry nake fara wa ɗalibaina, wanda aka haifa a 1340, ya rasu a 1416.

Nemi faffaɗar takarda. Can sama rubuta uban, Sarki Jean na Biyu, wanda Turawan Ingila suka kama a yaƙin Poitiers a 1356. Ƙarƙashinsa jera maza huɗu, kowa da rabonsa: Charles ya gaji karaga, Louis ya samu Anjou, Jean ɗinmu Berry, autansu Philippe kuwa Burgundi.

Zagaye 1360 da jan biro. A shekarar aka ba shi Berry da Auvergne, ya auri Jeanne ta Armagnac, aka kuma miƙa shi Ingila jingina saboda kuɗin fansar ubansa.

Wajen matan ne ake yawan tuntuɓe, don ta biyun ma Jeanne ce, ta Boulogne. Ya aure ta a 1389 bayan rasuwar uwargidan, yana dab da hamsin, ita ko sha uku ba ta kai ba. Ba ta haifa masa ko ɗaya ba, amma kada ka tsallake ta. A wani bikin dare a Paris a 1393, Sarki Charles na Shida, ɗan Charles wan Jean ɗinmu, da abokansa sun yi shigar dodanni da kayan da aka shafe da ƙaro, wuta ta kama su. Yarinyar nan ce ta lulluɓe sarki da bujenta. Huɗu daga cikin abokan sun mutu.

Sai 'ya'ya, duk na uwargida. Soke mazan, domin babu wanda ya rayu har bayan rasuwar uban. Ƙa'idar gidan kuwa, ƙasar da aka yanka wa yarima tana komawa hannun sarki in babu magaji namiji, haka Berry ta koma. Layin matan za ka ja da tsawo. Bonne ta auri Bernard na Armagnac a aurenta na biyu, wanda sunansa ya bi ɓangaren da ya yaƙi gidan Burgundi. Marie ta auri Jean na Bourbon, kuma da izinin sarki na musamman ta tafi gidan miji da Auvergne.