Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa manhaja da loda ta a cif

Na gaji da jin "ai ta haɗu lafiya, allon ne ya ƙi motsi." Don GCC, wato manhajar da ke mayar da abin da ka rubuta zuwa yaren cif, ta gama ba ƙorafi, ba shi ke nuna abin da ka rubuta ne ya shiga cif ɗin ba.

Wanda ya fi cin rai shi ne Makefile (fayil ɗin da ke gaya wa umarnin make yadda za a haɗa manhaja) da bai san da zaman fayilolin .h ba, wato fayilolin bayanan da fayilolin .c da dama ke amfani da su tare. Ka canza girman wani ma'aji a .h daga 64 zuwa 128, ka buga make, sai ta sake haɗa fayil ɗin .c da ka taɓa kaɗai, sauran su ci gaba da tsohon lissafi. Wani ɓangare na zuba 128 a wurin da aka tanada wa 64, yana take bayanan maƙwabta. Wannan ya sa na sha sake walda a allon da lafiyarsa ƙalau. Sa -MMD -MP a umarnin GCC, ka jawo fayilolin .d da za ta samar, masu jerin .h ɗin da kowane .c ke buƙata, da -include, shi ke nan. Masu buga make clean kowane lokaci don a sake haɗa komai daga farko kuwa, ɓoye ciwon suke yi, kuma ranar da suka manta za su gane kurensu.

Sai kwafo fayil ɗin .ld daga aikin wani. Haba! Fayil ɗin nan taswirar ƙwaƙwalwar cif ce, kowace da tata. Misali, cif ɗin STM32F103C8 na da RAM 20KB, iyakarta 0x20005000. Ka ɗora mata .ld na cif ɗin STM32F407, saman tarin kira (stack, inda manhaja ke ajiye bayanan wucin gadi) ya koma 0x20020000, inda babu komai, sai ta kife kafin ta kai main, inda manhajarka ke farawa. Ni kam ba na haɗa komai sai na buɗe takardar bayanan cif ɗin na gwada lambobin da idona.

Wajen lodawa kuma, fayil ɗin .bin ba ya ɗauke da adireshin da za a zuba shi a cif. A STM32 sai ka ce 0x08000000 da kanka, shi ya sa nake loda .elf ko .hex, masu ɗauke da adireshinsu.

Layin umarni a Makefile da Tab yake farawa. In Linux ta hana ka tashar USB, shiga rukunin dialout (masu izinin tashar) ko ka gyara dokokin udev (na izinin na'urori), ka bar sudo, umarnin aron ikon mai gudanarwa. Ka kuma duba wayar USB ɗin, wata ta caji ce zalla, ba ta ɗaukar bayanai.

Kuma ku daina mayar da ƙafafun cif PA13 da PA14 na kunna fitila, don ta nan ST-Link, na'urar loda manhaja, ke magana da cif. In aikin gama ya gama, ɗaga ƙafar BOOT0 zuwa 1, sake kunna allon, ka goge cif ɗin.