Ƙugiya mai kulle a saman bene: kurakuran da aka fi yi

A birnin Akara na Gana, samarin Nima, Mamobi da Sabon Zango da yawa abincinsu a sama yake yanzu: masu walda, masu rufin kwano, masu fenti, masu kafa allon talla, da masu bin 'yan kwangila zuwa dogayen benayen Airport City da Ridge. A manyan wuraren gini ba a barin mutum ya hau sai da ɗamarar tsaro, wadda a bakin igiyarta akwai ƙugiyar ƙarfe mai kulle. Sai dai da yawa suna saƙala ta ne don kada mai duba aiki ya yi faɗa, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya faɗa musu amfanin kullen.

Ga amfaninsa. Ƙugiyar da sifirin kaɗai ke riƙe bakinta tana iya kwance kanta. Kana sunkuyawa kana miƙewa, igiya ta murɗe, zoben da ka saƙala ta a ciki ya hau kan murfin bakin ya danna shi, ƙugiya ta sulale ta fita, kai kuma kana can kana aiki da tunanin a ɗaure kake. Mai kulle ba ta buɗewa sai an yi mata abu biyu daban, ka matse bayanta da tafin hannu sannan ka danna murfin da yatsu. Wasu ma sai uku: ka ja, ka murɗa, ka tura. Saboda wannan sulalewar ne Amurka ta hana amfani da marar kulle wajen tare faɗuwa a aikin gini tun ranar 1 ga Janairu, 1998.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kashe kullen da gangan. Yaro ya ga matsewa biyu tana ɓata masa lokaci, ga safar hannu, ga zufa, sai ya naɗe bayan ƙugiyar da salatif ko wayar ɗaurin rodi don ta riƙa buɗewa da yatsa ɗaya. In ka yi magana ya ce, "Masta, ai ƙarfen ne ke riƙe mutum, ba kullen ba." Ƙarfen yana riƙe wanda ƙugiyarsa ke nan a saƙale ne. A kwance wayar, a koya masa buɗewa da hannu ɗaya yana ƙasa, kafin ya hau. Mai irin kullen da ake murɗawa kamar noti kuwa, ya sani ba ya rufe kansa, in ka manta ka manta ke nan.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Ƙarfin ƙugiya a gadon bayanta yake, daga sama zuwa ƙasa. A can ne ta ƙwarai ke ɗaukar 22 kN, wato nauyin da ya haura tan biyu. Murfin bakin bai kai haka ba. Tsohon ma'aunin Amurka kilo 100 kacal ya nema murfin ya jure daga gaba, sai a 2007 aka ɗaga shi zuwa 16 kN, wato sama da kilo 1,600, kuma tsofaffin ƙugiyoyi ba su ƙare a kasuwar gwanjo ba. Saboda haka duk saƙalawar da za ta mai da nauyi kan murfi haɗari ce. Ka cusa ƙaramar ƙugiya a bututun sikafol mai kauri, bakin bai gama rufewa ba. Ka haɗa ƙugiya da ƙugiya don ƙara tsawon igiya. Ka zuba biyu a zobe ɗaya suna gugar juna. Ko wanda aka fi gani, ka zagaye ginshiƙi da igiya ka dawo ka saƙala ƙugiyar a jikin igiyarta. Wannan sai igiyar da aka ƙera musamman don haka. In ba ita ba, a nemi madaurin da ake naɗawa a ginshiƙi mai zobe a bakinsa, bututu kuma a ba shi babbar ƙugiya mai faɗin baki. Bayan ka saƙala, kada ƙarar "ƙas" ta ishe ka. Duba da ido, ka danna murfin ba tare da taɓa kullen ba. In ya motsa, sauko.

Sai wurin saƙalawa. Ƙugiya mai tsada a jikin bututun ruwa na roba, ko katako marar ƙwari irin na icen da ake kira wawa da aka buga da ƙusa uku, ko tsinin rodi da ba a lanƙwasa ba, ado ce kawai. A nemi ƙarfen gini mai ƙarfi, sama da kai in da hali. In ka saƙala a wajen ƙafarka, faɗuwar za ta ninka tsawon igiya. Igiya mita 2 ce, jakar da ke rage fizga tana iya warwarewa har mita 1.75, ga tsawon mutum, ka ga ana bukatar fili fiye da mita 6 a ƙasa. Wanda ke kan rufin gida mai hawa ɗaya zai iske ƙasa kafin igiya ta miƙe, don haka shi gajeriyar igiya yake bukata, wadda ba za ta bar shi ya kai bakin rufin ba. A jiki kuma zoben tsakanin kafaɗu ne na tare faɗuwa, na ƙugu na jingina ne lokacin aiki.

A kasuwa a buɗe ido. Ƙananan ƙugiyoyin nan masu launi da ake rataya makulli ko gorar ruwa ba na ɗaukar mutum ba ne, wasu ma an rubuta haka a jikinsu da Turanci. Ta aiki za ka ga an buga lambar kN a ƙarfenta, da lambar ma'auni irin EN 362 na Turai. In an goge ko babu, bar musu kayansu ko nawa suka rage. Kuma ba aikin yaro ba ne ya saya da kuɗinsa: Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, sashe na 118, ta ɗora wa mai aiki samar da kayan kariya kyauta.

Iskar teku ta Akara ba ta raga wa ƙarfe. Mai aiki a Osu, Labadi ko Tema zai ga tsatsa ta kama sifirin da wuri, ga ƙurar siminti da ta hunturu, ga feshin walda da fenti da ke daskarewa a kan kullen. Kowace safiya ka buɗe murfin ka sake shi. Ya kamata ya koma da kansa ya kulle nan take. In sai ka taimaka masa da yatsa, wanke da ruwa da sabulu, ka shanya, ka ɗiga mai marar kauri, ban da baƙin man inji mai tara ƙura. In bai gyaru ba, sai a yanke igiyar a jefar, kada a kai wa mai walda. Haka ƙugiyar da ta taɓa tare mutum a faɗuwa, ko wadda aka ja bokitin kankare da ita, ba ta komawa jikin kowa, ko da ido bai ga lanƙwasa ba.