Yadda za ka kunna kwamfutarka daga nesa ba tare da ka taɓa ta ba

Wake-on-LAN ake ce masa, kuma ba sabon abu ba ne, tun 1995 AMD da HP suka fito da dabarar. Ko ka kashe kwamfuta, in dai tana jone da wuta katin netwok ɗinta na nan yana jiran wani ɗan saƙo da ake kira magic packet, wato haruffan FF sau 6 sai lambar MAC, lambar shaidar katin, sau 16, da ya ga lambarsa ce sai ya tada ta.

Farko dai ka jona ta da rauta da kebul, Wi-Fi yawanci ba ya yi in an kashe kwamfuta gaba ɗaya.

Sai ka shiga BIOS, wato saitunan kwamfuta na tushe, ta hanyar danna Del ko F2 lokacin da take tashi, ka nemo Wake on LAN ko Power On By PCI-E ka kunna. In ka ga ErP to kashe shi, shi ne ke yanke wa katin wuta don tanadi. A Windows ka buɗe Device Manager, ka zaɓi katin netwok, a Power Management ka ba shi izinin tada kwamfuta, sannan ka kashe Fast Startup don shi ma yana hana abin aiki sosai. Masu Linux kuwa ethtool -s eth0 wol g, amma ka sa sunan naka katin a madadin eth0. Lambar MAC za ka same ta a Windows in ka rubuta ipconfig /all a Command Prompt, ka rubuta ta a waya, ka sauke manhajar Wake on LAN ka saka ta. Kashe kwamfutar ka leƙa bayanta, in fitilar bakin kebul na ci, to katin na sauraro.

Yanzu ga inda mu abin ya fi shafa, wato wuta. In NEPA suka ɗauke suka dawo da ita, kwamfutoci da yawa ba sa jin saƙon sai an kunna su da hannu sau ɗaya, kai kuma kana can nesa kana ta aikawa shiru. Shi ya sa nake ganin duk mai son wannan abu da gaske ya sa kwamfutar da rautar a kan UPS ko inbata, ko kuma a BIOS ya sa Restore on AC Power Loss a kan Power On, da wuta ta dawo ta tashi da kanta.

Daga wajen gida kuma saƙon ba ya shigowa haka nan, musamman in rautar mai sim ce don galibi ba su ba ka adireshin IP naka kai kaɗai. Ka bar ƙaramar na'ura kamar Raspberry Pi a kunne a gida, ka sa mata Tailscale, manhajar da ke haɗa na'urorinka ta intanet kamar suna gida ɗaya, ka shiga cikinta daga wayarka, ita ce za ta aika saƙon daga ciki.