Yadda Za Ka Shirya wa Aikin Fasaha a Manyan Kamfanoni a Zamanin Ƙirƙirarriyar Basira

Tun daga ranar 30 ga Nuwamba, 2022, da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, manhajar hira mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, ga jama'a, ana jin koke iri biyu da suka yi hannun riga da juna. Masu neman aikin fasaha suna kukan cewa ƙofofi sun tsuke, kamfanoni kuma suna kukan cewa sun rasa ƙwararrun da za su ɗauka. Rahoton makomar ayyuka da Zauren Tattalin Arziki na Duniya ya fitar a watan Janairun 2025 ya ƙiyasta cewa kafin shekarar 2030 za a samar da sababbin ayyuka miliyan 170, wasu miliyan 92 kuma za su gushe, sannan kashi 63 cikin ɗari na kamfanonin da aka tuntuɓa sun ce ƙarancin ƙwarewa ne babban abin da ke hana su sauya salon aikinsu. Duka koken biyu gaskiya ne, domin abin da mai nema ya koya da abin da mai ɗauka yake buƙata ba su haɗu a wuri ɗaya ba. Wannan jagora na wanda yake son ya tsaya a inda za su haɗu ne.

Da farko ka san irin gidan da kake ƙwanƙwasa ƙofarsa. Banki da kamfanin inshora da kamfanin jiragen sama da na sadarwa ba sa fara komai daga tushe. Suna zaune ne a kan manhajojin da aka yi shekaru ana ɗora wannan a kan wancan. Harshen rubuta manhaja na COBOL, wanda aka ƙirƙira a 1959, har yau yana ɗauke da lissafin manyan bankuna da hukumomin gwamnati da dama. Kamfanin SAP na Jamus ya sanar da cewa kulawar yau da kullum da yake bai wa ECC, tsohuwar manhajarsa ta tafiyar da harkokin kamfani, za ta ƙare a ƙarshen 2027, abin da ya tilasta wa kamfanoni masu yawa shirin ƙaura zuwa sabuwar manhajarsa ta S/4HANA, aikin da kan ci shekaru. Duk wata ƙirƙirarriyar basira da irin wannan kamfani zai sayo, dole ta sha daga waɗannan tsofaffin rijiyoyi, kuma dole a sami wanda ya san inda bayanan suke, yadda suka lalace, da wanda doka ta yarda ya gan su. Masu ƙera ita basirar kanta 'yan kaɗan ne, galibi a wasu 'yan kamfanoni masu ɗimbin jari. Masu haɗa ta da abin da ke ƙasa, masu tsare ta da masu duba aikinta, su ne ake nema da yawa.

Kafin ka biya kuɗin wani kwas, ka tara tallace-tallacen aiki talatin na muƙamin da kake sha'awa, daga kamfanoni daban-daban, ka buɗe Excel ka rubuta kowace ƙwarewa da aka ambata a layinta, sannan ka ƙirga sau nawa kowace ta fito. Ka raba abin da aka ce wajibi ne da abin da aka ce ƙari ne kawai, domin mai rubuta talla yakan zuba duk burinsa a takarda, har ya nemi mutum guda ya yi aikin mutum uku. Abin da ya bayyana a tallace-tallace ashirin cikin talatin shi ne manhajar karatunka. Abin da ya fito sau biyu ka ajiye shi a gefe. Aikin yini guda ne, amma ya fi duk shawarar da za ka ji a bakin masu tallata kwasa-kwasai, waɗanda kowannensu abin da yake sayarwa ne yake cewa shi ne makoma.

Da wuya wannan ƙirga ta ƙare ba tare da wasu tsofaffin sunaye sun hau sama ba. Akwai SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, wanda asalinsa ya koma ga binciken kamfanin IBM a shekarun 1970. Akwai Python, harshen rubuta manhaja, da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, dukansu na 1991, da Git na 2005, wanda da shi ake adana tarihin kowane sauyi da aka yi wa manhaja. Sai kuma ɗaya daga cikin manyan masu bayar da hayar kwamfutoci da ma'ajiya ta intanet, wato AWS na Amazon, ko Azure na Microsoft, ko Google Cloud. Ka zaɓi guda ɗaya daga cikin ukun ka nutse a cikinsa, saboda wanda ya fahimci yadda ake ba da izinin shiga, yadda ake killace hanyar sadarwa da yadda kuɗin haya ke taruwa a ɗaya, ba zai sha wahalar fahimtar sauran ba. Na fi ƙarfafa SQL a kan komai, ko da yake ba shi da farin jinin sababbin kayan aiki, domin kusan babu sashe a babban kamfani da ba ya buƙatar wanda zai ciro amsa daga rumbun bayanai ya kuma tsaya a kanta.

Game da satifiket, amfaninsa shi ne ya tsallakar da kai daga tankaɗen farko, ba ya wuce nan. Ka duba sharuɗɗansa kafin ka sa rai: CISSP, wanda ake yawan ambata a tallan tsaron intanet, yana buƙatar shekaru biyar na aiki, alhali Security+ na CompTIA mai farawa zai iya zama ya rubuta. Satifiket ɗin AWS yakan ƙare bayan shekaru uku sai an sabunta. Haka kuma, idan ka ji an ce ƙungiyar ISC2, mai bayar da CISSP, ta ƙiyasta a 2024 cewa duniya na da giɓin ma'aikatan tsaron intanet kusan miliyan 4.8, ka tuna cewa wannan adadi ne na mutanen da ake ganin ana buƙata, ba adadin guraben da aka ware wa albashi aka buɗe ba. Rashin gane wannan bambanci ya sa wasu suka zaci da zarar sun riƙe takarda aiki zai zo ya same su.

Abin da ke bambanta ka da sauran masu takarda iri ɗaya shi ne aiki guda da ka yi daga farko har ƙarshe, wanda wani zai iya buɗewa ya gani, tun da gani ya kori ji. Ka nemi bayanai na gaskiya masu datti, irin waɗanda hukumomi da Bankin Duniya ke wallafawa kyauta, ka tsabtace su, ka zuba su a rumbun bayanai, ka gina ƙaramar manhaja a kansu, ka ɗora ta a intanet, sannan ka rubuta bayani na shafi ɗaya kan abin da ta yi daidai da inda ta gaza. Ka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a duk matakan, ba tare da ɓoyewa ba. GitHub Copilot, mataimakin rubuta manhaja mai aiki da ƙirƙirarriyar basira, ya kasance a hannun jama'a tun 2022, kuma babu mai ɗaukar aiki da ke tsammanin ba ka taɓa irinsa ba. Abin da yake son sani shi ne ko kana iya kama ta idan ta yi kuskure.

Ga yadda irin wannan kuskure yake a kusa. A ɗauka shugaban sashen kuɗi ya nemi jimillar cinikin wata uku, kai kuma ka umarci na'urar ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka tambayar SQL da za ta haɗa jadawalin rasit da jadawalin abokan ciniki. Cikin daƙiƙa kaɗan ta ba ka rubutu mai tsabta, ka gwada, ya yi aiki ba tare da wani gargaɗi ba, adadi ya fito. Sai dai a jadawalin abokan ciniki akwai waɗanda aka yi wa rajista sau biyu, ɗaya da tsohon adireshi, ɗaya da sabo, duka a ƙarƙashin lamba guda, saboda haka kowane rasit nasu ya maimaitu, jimillar ta kumbura. Na'urar ba ta san da wannan ba, domin ba ta taɓa zama a ofishin ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa zai ƙirga layuka kafin haɗawa da bayan haɗawa, ya ga sun ƙaru, ya kwatanta jimillar da abin da ke littafin akanta, ya gano maimaicin, ya gyara, sannan ya sanar da masu kula da rajista don a toshe ɓarakar daga tushe. Waɗannan mintuna ashirin na dubawa su ne abin da kamfani yake biyan albashi a kai. Idan ka ci karo da irin wannan a aikinka na gwaji, ka rubuta shi dalla-dalla, domin shi ne labarin da za ka bayar ranar intabiyu.

Dalilin da ya sa kamfanoni suka damu da wannan a bayyane yake, domin alhakin kuskuren na'ura a wuyansu yake sauka. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja diyya saboda bayanin da ba daidai ba da manhajar hira ta shafinsa ta ba shi game da rangwamen tikiti. A 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar lauyoyin da suka gabatar da hukunce-hukuncen shari'a na bogi waɗanda ChatGPT ya ƙaga musu. A shekarar dai, Samsung ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji bayan da wasu suka zuba musu bayanan sirri na kamfani. Saboda haka ka koyi ƙa'idar kare bayanai tun kafin a tambaye ka: me ake iya sakawa a manhajar waje, me ba a sakawa, kuma wa ake tambaya idan an yi shakka. Dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Agusta, 2024, ta ɗora wa kamfanonin da ke amfani da ita nauyin tabbatar da cewa ma'aikatansu sun fahimce ta gwargwado, tun daga Fabrairun 2025, kuma tasirin irin wannan doka yakan bi kamfani duk inda yake da reshe.

Takardar neman aikinka kuwa, mai yiwuwa manhaja ce za ta fara karanta ta kafin idon mutum ya kai gare ta. Ka rubuta ta a sauƙaƙe, babu zane-zane, ka yi amfani da ainihin kalmomin da ke cikin tallan matuƙar gaskiya ne ka iya abin, kuma a maimakon jera sunayen manhajoji, ka faɗi abin da ka yi da su da sakamakon da aka samu. Kada ka ɗauki wannan tankaɗe a matsayin alƙali mai adalci. A 2018 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Amazon ya yi watsi da wata manhajar tantance masu neman aiki bayan an gano tana rage wa mata maki, saboda ta koyi darasinta ne daga takardun shekarun da maza suka fi yawa. Birnin New York ma ya fara aiwatar da doka a Yulin 2023 da ta wajabta binciken nuna wariya a irin waɗannan manhajoji. Don haka kada ka dogara ga tura takarda kaɗai. Ka nemi wanda ke aiki a ciki ya san da zamanka, ta hanyar tarukan masu sana'ar ko gudummawa ga manhajojin da kowa ke iya gyarawa.

Sai an faɗi gaskiya cewa matakin farko na tsanin ya yi rauni. Ayyukan da a da ake bai wa sabon shiga don ya goge, kamar rubuta ƙananan gwaje-gwaje da cike takardu da amsa tambayoyi masu maimaituwa, su ne na'ura ta fi saurin ɗauka. A Mayun 2023 shugaban IBM, Arvind Krishna, ya ce kamfanin zai sassauta ɗaukar ma'aikata a ayyukan bayan fage, inda ya yi hasashen cewa kimanin gurabe 7,800 za su iya komawa hannun na'ura cikin shekaru biyar. Wanda ƙofar gaba ta ƙi buɗe masa, ya duba ta gefe: teburin taimaka wa ma'aikata idan kwamfuta ta ba su matsala, sashen gwajin manhaja, tsabtace bayanai, ko kamfanonin da ake ba kwangilar girka manhajojin SAP da Oracle da Salesforce. Wanda kuma yake da aiki a hannu a sashen kuɗi ko sito ko kula da ma'aikata, kada ya yi gaggawar ajiye shi don ya koma ɗalibi, domin sanin yadda kamfani ke gudana jari ne da sabon mai digirin kwamfuta ba shi da shi. Da ɗan gari akan ci gari. Akantan da ya koyi SQL ya fi kowa saurin gane lokacin da adadin da na'ura ta fitar ba zai yiwu ba.

Ranar intabiyu, ka tambaya tun da wuri ko an yarda a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira a gwajin, saboda kamfanoni sun bambanta a kan wannan, kuma amfani da ita a ɓoye inda aka hana yana iya rufe maka ƙofar gaba ɗaya. Idan aka ba ka matsala, ka riƙa faɗin tunaninka a bayyane, ka nemi ƙarin bayani kan abin da bai fito fili ba, kuma idan ba ka san abu ba ka ce ba ka sani ba, ka bayyana yadda za ka bincika. Kai ma ka yi musu tambaya: wa ke duba aikin sabon ma'aikaci, wane lokaci ake ware wa horo, kuma wace manhaja ce mafi tsufa da har yanzu kamfanin ya dogara da ita. Amsar tambaya ta ƙarshe takan nuna maka ainihin aikin da za ka yi fiye da duk abin da aka rubuta a talla. Bayan wata shida, ko ka samu aikin ko ba ka samu ba, ka sake tara sababbin tallace-tallace talatin ka maimaita ƙirgar, ka ajiye sabon jadawalin kusa da tsohon, sannan ka gyara tsarin karatunka bisa abin da ya hau da abin da ya sauka.