Darasi na 9: Auna Ribar Banki da Kadarorinsa

A kowace shekara za ka ji a rediyo an ce banki kaza ya ci ribar biliyoyin naira. Yawan kuɗin kaɗai ba ya nuna ko bankin ya iya aikinsa. Manomin da ya samu buhu 40 a eka 10 bai kai wanda ya samu buhu 15 a eka 2 iya noma ba, ko da rumbunsa ya fi cika. To, da dukiya nawa bankin ya samo ribarsa?

Mu fara sanin kadarar banki, don a nan ake yawan rikicewa. Ajiyar da ke cikin asusunka bashi ce a wuyan banki, domin duk ranar da ka zo dole ya ba ka. Kadarorinsa su ne rancen da ya bai wa mutane da kamfanoni, da takardun lamunin gwamnati da ya saya, da kuɗinsa da ke Babban Bankin Najeriya, da tsabar kuɗi da gine-gine. A bankin da ba ya harkar kuɗin ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ana haɗawa da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, da kuɗin murabaha da yake bin abokan hulɗarsa, wato kuɗin kayan da ya sayar musu bashi da ribar da aka amince da ita.

Ga lissafin. Ɗauki ribar shekara bayan an cire haraji, ka raba ta da jimillar kadarori, ka ninka sau 100. Duk adadin biyu suna cikin rahoton shekara da banki ke bugawa.

Mu ƙaddara bankin farko ya ci ribar naira biliyan 20, kadarorinsa biliyan 2,000. Amsa: kashi 1 cikin 100. Wato kowace naira 100 ta haifar masa da naira 1. Na biyu ribarsa biliyan 6 kacal, kadarorinsa biliyan 300. Amsa: kashi 2. Ƙaramin ya ninka babban wajen juya dukiya.

Kada kashi 1 ya yi maka kaɗan. A harkar banki, daga nan zuwa sama ana ɗaukarsa abin kirki ne, saboda yawancin dukiyar da yake juyawa ta masu ajiya ce.

Amma kada ka yanke hukunci da shekara guda. A watan Yunin 2023 darajar naira ta faɗi warwas, bankunan da ke riƙe da daloli suka wayi gari da riba mai yawa a takarda ba tare da sun ƙara wani ƙoƙari ba. Har sai da Babban Banki ya hana su raba wa masu hannun jari irin wannan riba. Duba shekara uku ko huɗu a jere, kuma ka gwada banki da ɗan'uwansa banki.

Aikin gida: wani banki ya ci ribar naira biliyan 9, kadarorinsa biliyan 600. Kashi nawa ke nan? Tsakaninsa da bankuna biyun da ke sama, a ina zai tsaya?