Yadda Ake Wanke Bangon Gida da Injin Feshin Ruwa a Gusau

Bayan hunturu ya wuce, ƙura takan kwanta a bango har fenti ya dushe, damina kuma ta bar gansakuka a gindin katanga. Injin feshin ruwa, irin wanda masu wankin mota ke amfani da shi, yana fitar da wannan datti da sauri, amma sai an kula.

Kafin a tada injin, a rufe tagogi, a lulluɓe mitar wuta da soket da leda. A fara gwadawa a wani lungu, ana riƙe bakin feshin nesa da bango kamar taku ɗaya, domin ƙarfin ruwan yana iya ɓare fenti ko tsohon filasta. Ginin ƙasa kuwa, kada a kusance shi da injin ko kaɗan. Na taɓa ganin katangar da ruwa ya rarake nan take.

Idan za a ɗauko masu aiki daga Tudun Wada ko Sabon Gari, a tambayi maƙwabtan da suka taɓa ba su aiki, sannan a daidaita kuɗi tun farko, har da wanda zai sayi man injin da wanda zai biya 'yan garuwa.