Rabin yini tsakanin bango da ruwa: shawara ga ƙannenmu masu tafiya Beljik

Duk ƙarshen damina fadarmu ta bayan kasuwar Wadata, a nan Yamai, takan cika da yaran da suka samu gurbin karatu a Beljik. Wasu 'yan unguwa ne, wasu daga Tawa suka zo haɗa takardu suka sauka wurin dangi. Tambayarsu ba ta wuce rigar sanyi, kuɗin ɗaki, da inda ake samun garin tuwo. Ina amsawa iyakar sanina, tunda na yi shekaru a can kafin in dawo gida. Amma akwai shawara ɗaya da in na faɗe ta sai a bushe da dariya: cikin watanka na farko, ka ware rabin yini da ɗan kuɗi, ka biya jagora ya zaga da kai gari, ya nuna maka zanen bango, ya sa ka a jirgin ruwa.

"Haba Kawu, yawo za mu je ko karatu?" in ji wani ɗan Tawa, kofin shayi a hannu.

Na ce masa shi ne bai kamata ya yi wannan tambaya ba. Ba'adare in ya sauka Abijan ci-rani, ai ba a ɗora masa tire ranar farko. Wani babba ne zai kama hannunsa, ga tasha, ga masallaci, ga layin da ba a bi bayan magariba. To a Turai wannan babban yana wurin aiki. Ya fita da asuba, ya dawo a gajiye, Lahadi wanki gare shi. Ni sai da na yi wata huɗu wuri uku kawai na sani: ɗakina, lakwal, da shagon mahaucin da ke sayar da naman halal. Da ɗan gari kan ci gari, kuma jagoran nan ɗan gari ne na haya.

Garin da nake tura mutane shi ne Gan, ko da Biriksel za su zauna, domin tafiyar kamar rabin awa ce a jirgin ƙasa. Darasin ma tun daga tasha yake farawa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci Gand muka sani, amma a allon can Gent za ka gani, babbar tasharsu kuma Gent-Sint-Pieters. Tashar da kake kira Bruxelles-Midi ita ce dai Brussel-Zuid. Da jirgi ya bar Biriksel ya shiga ƙasar Filamawa, mai shela zai ajiye Faransanci ya kama harshensu, wanda yake ɗaya da na Holan. Kada ka firgita, kuma kada ka afka wa mutum da Faransanci kamar bashi kake binsa. Ka gaishe shi, ka tambaya ko yana ji. Da yawa suna ji, suna dai so a tambaye su. 'Yan ƙasa da shekara 26 su nemi rangwamen matasa a tikitin jirgin, kuma kowa ya sa katin zamansa a aljihu, don doka ce a can mutum ya riƙa yawo da shaidarsa.

Yawon iri-iri ne. Akwai wanda ake biya tun daga intanet, a haɗa maka tafiyar ƙafa da jirgin ruwa a tikiti ɗaya, awa uku zuwa huɗu. Akwai wanda ake cewa kyauta ne, wanda kyautarsa ta baki ce: in an gama kowa yakan miƙa wa jagora abin da ya sawwaƙa, zamewa ba ka ba da komai ba kuwa abin kunya ne. Kana iya bin irin wannan, sannan ka sayi tikitin jirgi da kanka a bakin ruwa, yuro 10 ko sama da haka kaɗan. Na san abin da za ka yi. Za ka buga lissafi, yuro ɗaya sefa 656, ka ga jika shida da rabi sun tafi a zaman minti 40 ko 50, ka tuna buhun shinkafar gida. Kowa ya yi wannan lissafin. Ka yi shi, ka gama, ka biya.

Abu ɗaya da ba a ɗaga ƙafa a kansa shi ne lokaci. Karona na farko na makara da minti bakwai, na iske jirgin ya riga ya wuce ƙarƙashin gada, mai sayar da tikitin kuma ya ɗaga mini kafaɗa. A nan gindin gadar Kenedi mai kwale-kwale zai jira ka gama sallama da mutane, har ya taya ka ɗaukar kaya. Can in an rubuta ƙarfe 2, to 2 ɗin ne. Ka kuma lura da agogo: lokacin sanyi awarsu ɗaya da ta Nijar, amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna gaba da mu da awa guda.

Yawanci da ƙafa ake farawa, kuma ba jagoran da zai tsallake lungun Werregarenstraat. Siririn lungu ne a tsakiyar gari, wanda tun 1995 aka bar wa masu fesa fenti su yi abin da suka ga dama. Bango biyu, daga ƙasa har inda hannu ya kai, ba masaka tsinke. Abin da ka gani yau, mako mai zuwa wani ya shafe ya zana nasa, ba kuma wanda zai yi fushi. Warin fenti ba ya barin wurin. Ni dai, in faɗi gaskiya, lungun bai cika burge ni ba, hayaniyar launi ce kawai. Abin da ya tsayar da ni shi ne manyan zanen da ke gefen benaye, waɗanda sai an hau injin ɗaga mutum ake yin su. Akwai wani ɗan garin mai laƙabin ROA, wanda sunansa ya zaga duniya da zanen dabbobi da baƙi da fari kawai: zomaye, tsuntsaye, ɓeraye, kowane gashi a fili, wani yana barci, wani kamar mushe. Ka tsaya gaban zomon da ya fi raƙumi girma ka ga ko ba ka yi shiru ba.

Wanda ya taɓa shiga Birni a Damagaram, ya ga yadda magina suke ƙawata fuskar gida da dagi da zanen launi, ba zai ɗauki abin baƙo ba. Bambancin shi ne namu yana faɗin darajar mai gida ne, nasu kuma sau da yawa magana ce ake jefa wa mai wucewa: tsadar haya, yaƙi, baƙin haure, lalacewar yanayi. Nan ne kuɗin jagora yake halatta. Kai za ka ga hoton tsohuwa riƙe da jaka, shi zai gaya maka abin da ya faru a unguwar har aka zana ta. A rabin yini za ka ji abin da ke cin ran mutanen gari fiye da wanda za ka tsinta a wata uku na gaisuwar matakala. Wani zanen akwai tsiraici ko abin da ba ka saba gani ba. Ka kawar da kai ka wuce, ba wanda zai tilasta maka kallo, ba kuma wurin wa'azi ba ne.

Ga amfanin da ba a rubuta a takardar talla ba. Sunayen titunansu dogaye ne, baki ba ya iya su a watan farko, gidajen kuma duk jan bulo ne iri ɗaya. Mu kuwa da alama muka saba kwatance: bayan gidan mai, kusa da babbar bedi, inda mai kilishi yake zama. To zanen bango shi ne bedinka a can. Daga ranar da na yi wannan yawo na daina ɓata, don na san in na ga tsuntsun nan, dama zan yi. Kada dai sha'awa ta kwashe ka ka sayi gwangwanin fenti. In ba a wuraren da aka halatta ba, tara ce, kuma mai takardar zama ta shekara ɗaya ba shi da abin kai wa 'yan sanda sunansa.

Sai ruwa. Jiragen suna tashi ne daga Graslei da Korenlei, gaɓa biyu masu kallon juna a kan kogin Leie, wanda Faransawa ke kira Lys. A nan garin yake haɗuwa da kogin Escaut, kuma wannan mahaɗa ce ta yi Gan. Kada ka sa ran faɗin kogin Kwara. Ɗan Harobanda zai ce wannan ai kwata ce, amma kwatar da ta ciyar da gari. Ta nan hatsi yake shigowa, sunan Korenlei ma gaɓar hatsi yake nufi, kuma rumbun dutsen da ake tara shi tun wajen shekara ta 1200 yana nan tsaye. Matuƙin shi ne mai bayani, yana juya harshe daga Filamanci zuwa Faransanci zuwa Ingilishi, saboda haka kafin ka shiga ka gaya masa wanda kake ji, ka zauna kusa da shi.

Zai bi da ku gindin ganuwar Gravensteen, tsohuwar fadar sarakunan yankin, wadda aka gina a 1180, ya gaya muku daga baya har masaƙar auduga aka mayar da ita. Zai shiga Lieve, hanyar ruwan da mutane suka haƙa da hannu a ƙarni na 13 don su kai kayansu teku. Zai nuna unguwar da aka haifi sarki Sharl na Biyar a 1500, wanda a 1540 ya hukunta garin haihuwarsa saboda sun ƙi biyan haraji, ya sa manyansu suka yi tattaki da igiya a wuya. Har yau masu igiya a wuya ake kiran 'yan Gan, su kuma sun mayar da zagin kirari. Ka riƙe wannan, yana buɗe hira da maƙwabci.

Labarin masaƙun garin ya shafe ka kai tsaye. Su ne suka jawo ma'aikata daga Turkiyya da Maroko bayan yarjejeniyar da Beljik ta ƙulla da ƙasashen biyu a 1964, kuma jikokinsu ne ke riƙe da shagunan titin Sleepstraat, 'yar tafiya kaɗan daga ganuwar. In an sauka daga jirgi yunwa ta taso, can za ka nufa, can kuma za ka tambayi masallaci mafi kusa. A gidajen abincin bakin ruwa kuwa ka yi tambaya kafin ka ci: naman da suke kira stoverij da giya ake dafa shi. Akwai wata alewa mai kamar hanci da ake sayarwa a amalanke a dandalin Groentenmarkt, da ƙaro ake yin ta, irin wanda yaranmu ke tsinka a daji, sai dai wasu suna ƙara mata sinadarin da ake samu daga ƙashi ko fatar alade, don haka ita ma sai an tambaya.

Sanyin kan ruwa daban yake da na tudu. Ko rana ta fito, ka ɗauki riga mai kauri da wadda ruwa ba ya ratsawa, mata kuma su ɗaure mayafi da kyau don iska. A Disamba kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su, saboda haka yawon safe ya fi, ka fito da alwalarka. Bayan gida na kuɗi ne a wurare da yawa, ka riƙe 'yan sulalla. A tsakiyar garin motoci kaɗan ne, amma keke da tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin titin cikin gari, ba su da ƙara, kuma mai keke ba ya tsammanin za ka tsaya a hanyarsa kana ɗaukar hoto. Hoton bango halal ne, na fuskar mutane da 'ya'yansu sai da izini.

Wanda aljihunsa bai kai Gan ba, Biriksel ma tana da nata. Tun 1991 ake zana taurarin littattafan barkwancinsu a bangon gidaje, yanzu sun haura 50, kuma ana iya bin su da ƙafa da taswira daga ofishin masu yawon buɗe ido. Lokacin zafi akwai jirgin da ke bin hanyar ruwan da ta ratsa gefen unguwar Molenbeek ta nufi garin Vilvoorde.

Ɗan Tawan nan ya tafi bara. Wata biyu ban ji ɗuriyarsa ba, sai ran nan da dare ga hoto a WhatsApp: shi a cikin jirgi, hula har kunne, ganuwa a bayansa. A ƙasa ya rubuta, "Kawu, ruwan nasu bai kai na Tabalak ba, amma na gane hanyar gida."